Agogon Ghana da Agogon Gida



Duk wanda ya tashi a zangon Kumasi yana sauraren Sashen Hausa na BBC da asuba ya haddace wannan kalami: ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe kaza agogon GMT da Ghana. Tun muna yara muke maimaita shi kamar karatun allo, ba mu taɓa tsayawa mun auna nauyinsa ba, sai ranar da awa ɗayan nan ta ba mu kunya a gaban mahaifiyarmu.

Mu biyu ne, wa da ƙane, muke da ɗan shagon buga takardu: katin aure, katin suna, wasiƙar neman aiki. Shekara biyu da suka wuce aka sa ranar ɗaurin auren 'yar yayarmu da ke Kano, Asabar ƙarfe 11 na safe. Ciwon ƙafa ya hana Inna tafiya, sai aka yi alkawarin za a kira ta bidiyo ta ji fatihar jikarta ta fari da kunnenta. Muka shirya za mu ɗora kiran a allon kwamfutar shago don ta gani da kyau. Muka bar waya tana caji, muka tafi gida ɗauko ta, muka jira ta yi wanka ta ɗaura sabon zane. Da muka iso, agogon da ke kusurwar allo yana nuna 10:30, muna ta murna mun zo da wuri. A Kano kuwa 11:30 ta yi, an shafa fatiha, an raba goro, jama'a sun watse. Kira bakwai muka tarar a waya.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta dubi allon ta ce, "Allah ya sa albarka. Ashe har a cikin akwatin nan kuna da agogo?" Da ta zage mu da ya fi mana sauƙi.

Laifin namu ne, domin agogon gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar inda yake zaune. Layin Greenwich da ake auna lokacin duniya da shi ya ratsa ta Tema, shi ya sa Ghana take kan GMT. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da mu da awa 1, Sudan da awa 2, Makka da awa 3. Bahaushen zango kuwa yana da dangi a duk waɗannan wurare. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Gwanja, suka zauna a Salaga, suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara bayan yaƙin basasar 1892, da watanni suke lissafin nisan gida. Mu nisan ya dawo mana minti sittin, kuma su ne suka gagare mu.

Windows yana ba da damar ƙara agogo biyu na wasu ƙasashe, amma a ɓoye suke, sai mutum ya kai kibiyar linzami kansu kafin su bayyana. Wanda ya manta da bambancin lokaci ba zai tuna ya leƙa ba. Muna son abin da zai zauna a gaban ido. Wani mai gyaran kwamfuta a unguwarmu ya nuna mana wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna T-Clock. Wani Bajapane, Kazuto Sato, ya fara rubuta ta a shekarun 1990, wasu suka yi ta ɗorawa har zuwa wadda ake kira T-Clock Redux a dandalin GitHub. Ba ta da nauyi, ba a ma girka ta, buɗe ta kawai ake yi ta maye gurbin agogon da ke kan zirin ƙasan allo. Akwai gurbin da mutum zai rubuta yadda yake son agogon ya fito: sa'a, minti, daƙiƙa, sunan rana, layi ɗaya ko biyu, har da kalmomin da ya ga dama. Akwai kuma alamar da ke ƙara awoyi a kan lokacin gida. Muka rubuta Kumasi a sama, Kano a ƙasa da ƙarin awa 1. Tunda Ghana da Najeriya ba sa sauya agogo da bazara, lissafin ba ya motsi. Mai ɗan uwa a Jamus ko Amurka ya kula, nasu yana sauyawa sau biyu a shekara.

A nan muka so tsayawa, sai muka ga wurin zaɓen harshe, muka ga Hausa a jerin. Muka danna. Haruffa ukun Turancin da muka saba gani suka ɓace, sai ga Alhamis a rubuce.

'Yar ƙanwarmu mai shekara tara, wadda ke zuwa shago bayan makaranta, ta leƙa ta ce, "Kawu, mene ne wannan?" Ta san Alhamis a baki, daga makarantar allo, amma ba ta taɓa ganin ta a boko ba, ba ta kuma san ranar aka haife ta ba, ba ta san daga ranar sunan da ake kiran ta da shi a gida ya fito ba. Ƙawayenta Asantawa kuwa babu wadda za ka tambaya ta yi inda-inda. Kowa a Kumasi ya san Kofi ɗan Juma'a ne, Kwame ɗan Asabar, Yaa 'yar Alhamis. Mu ma muna da Ɗanjuma da Jummai, Asabe, Ɗanladi da Ladi, Altine, Talatu, Balarabe, Lami. Maƙwabtanmu sun riƙe nasu da ma'anarsa, namu kuma yana neman zama suna kurum. Tun daga ranar yarinyar take fara duba kusurwar allo idan ta shigo, ta karanta da ƙarfi kafin ta ajiye jaka.

Layi na uku da hannu muke rubuta shi, wato sunan watan Musulunci. Lissafin na'ura daban, ganin wata daban. A nan sanarwar ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, muke jira, dangi a Kano suna jiran ta Sarkin Musulmi daga Sakkwato, kuma wani lokaci akan sami ratar kwana ɗaya. Saboda haka idan wata ya tsaya sai mu buɗe gurbin mu sauya. Inna ce ta ba mu sunayen yadda uwarta ke faɗinsu: Watan Cika-ciki, Watan Takutaha, Watan Azumin Tsofaffi, Watan Azumi, Watan Bawa da ke tsakanin salloli biyu. Mutum yakan zo buga kati ya tsaya yana kallo, ya ce rabonsa da jin wannan suna tun kakarsa na da rai.

Ga mai son gwadawa, shawara biyu. Ya ɗauko manhajar daga shafin masu ita, domin ana cusa cuta a kwafin da ke yawo a wasu wurare. Sannan ya sani T-Clock ba ta aiki a Windows 11, saboda an sake ginin zirin ƙasan tun fitowarsa a 2021. A can Windhawk ake amfani da ita, tana da sashen gyaran agogo. Tamu tsohuwar kwamfutar Windows 10 ce, wanda Microsoft ya daina kula da shi ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka mun san ƙaura na tafe, kuma mun rubuta layukan nan uku a takarda mun adana.

A Watan Bawa da ya wuce amaryar nan ta haihu. Aka ce za a raɗa suna ƙarfe 7 na safe. Wannan karon muka tambaya, agogon wa? Daga masallacin asuba muka wuce muka ɗauko Inna, gari bai gama wayewa ba. Tana zaune a gaban allo, layin sama yana nuna 6:00, na ƙasa 7:00, lokacin da liman a Kano ya ɗaga hannu. Sunanta aka sa wa jaririyar.

Allah ya raya ta, ya bar zumunci tsakanin zango da gida.