Godiya ga waɗanda ba su ce aiki ya ƙare ba

Ba zan kama sunan kowa a wannan takarda ba. Dole Kaina gari ne da in ka ce "ungozomar nan doguwa", kafin la'asar an san gidan da take shiga da abin da ke kai ta, har labarin ya hau jirgin ruwa ya isa Lolo, ya bi kabu-kabu ya isa Gaya. Waɗanda nake nufi za su gane kansu.

Ni da mai ɗakina muna shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. A awon ciki aka gano tata, ni kuma na bi baya. An haifa mana ɗa namiji a bazarar 2024, kuma yau gwajin ƙarshe, wanda ake yi bayan wata 18 da kuma bayan yaye, ya tabbatar ba shi da ita. Alhamdu lillahi.

Malama ungozoma, da ke zan fara. Ke kika koya wa uwarsa yadda za ta ja ruwan nevirapine a sirinji ta ɗiga masa a gefen baki kullum har sati 6. Ke kika soki dunduniyarsa kika ɗiga jini a kan 'yan da'irorin katin nan, kika shanya shi, aka tura. Da sakamakon farko ya dawo da kyau, na miƙe ina ta godiya kamar zan tafi ke nan. Kika ce, "Malam, koma ka zauna. Ba shi da ita, amma ba a sake shi ba tukuna." Kika miƙo kwalbar Septrin, kika rubuta ranakun rigakafi na sati 10 da na sati 14 da na ƙyanda a wata 9, kika ce ko tari ya yi a kawo shi.

A lokacin na ɗauka tsananin aiki ne kawai irin naku. Likitan da ya duba shi daga baya ne ya warware mini. Jariri yana fitowa ne da guzurin garkuwa da uwa ta ba shi ta mahaifa. In cutar ta raunana uwar, guzurin kan yi ƙaranci, sai ciwon haƙarƙari da gudawa su fi kama shi a watannin farko, ko da ƙwayar cutar ba ta shige shi ba. A Zimbabuwe an bi sawun uwaye fiye da 14,000 da jariransu daga 1997, kafin magani ya wadata, aka ga cewa cikin shekara 2 yaran da uwayensu ke da cutar amma su ba ta shige su ba sun mutu kusan ninki uku na 'ya'yan matan da ba su da cutar. Yau da uwaye ke kan magani tazarar ta ragu sosai, amma ba ta rufe ba. An ƙiyasta yawan irin waɗannan yara a duniya ya kai miliyan 14.8 a 2018, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da ke da rabinsu. A ganina ana saurin tafa hannu a ranar sakamako, a rufe fayil, alhali yaron yana bakin gaɓa bai hau tudu ba.

Inna, ke ma kina da kaso babba, ko da yake za ki ce ba ki yi komai ba. Kin raini 'ya'ya da jikoki da ruwa da jiƙo da rubutu, kuma ga zafin Afrilu na garin nan. Da aka ce nono zalla har wata 6, ko ɗigon ruwa babu, sai da kika yi salati. Kika ce, "Wannan ai azumi za ku sa jinjiri." Amma da Malama ta zauna da ke a tabarma ta bayyana cewa ruwa da kunu kan ƙuje hanjin jariri su buɗe wa cuta ƙofa, ke kika zama mai gadi. Duk baƙuwar da ta ɗauko moɗa, ke kike karɓewa da dariya, ba tare da kin faɗi dalili ba. Wasu sun ba mu shawarar madarar gwangwani. A Botsuwana, bayan ambaliyar 2006, gudawa ta kashe ɗaruruwan yara, akasarinsu waɗanda ba sa shan nono. Mu da muke zaune a bakin Kwara, muna ganin launin ruwan rijiya da damina, ba mu buƙaci dogon bayani ba.

Ina gode wa yarinyar da ke bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin damina. Kafin ta ɓalle ƙwaya ta tambaya ko yaro yana shan wani magani. Da ta ji Septrin, ta mayar da nata cikin jaka, ta ce ba a haɗa su, a dai kula da gidan sauro. Ba ta tambayi me ya sa yake sha ba, kuma ba mu ji maganar a bakin kowa ba.

Sai wani daren hunturu. Numfashin yaron sama-sama, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk ja ɗaya, ya ƙi kama nono. Maƙwabcina ya tayar da babur ba tare da ya tsaya neman rigar sanyi ba, ya ɗauki uwa da ɗa sai Kamba, ni ina biye a wani. Ma'aikatan da ke aikin dare suka sa masa robar iska a hanci, suka yi allura. Da uwarsa ta raɗa musu halin da take ciki, fuskarsu ba ta canja ba, sai ma likitan ya ce gara da ta faɗa, don irin waɗannan yara ba a jinkirta musu. Maƙwabci, har yau ka ƙi karɓar kuɗin mai.

Akwai kuma baiwar Allah da ta riga mu shiga wannan hali, wadda asibiti ke haɗa ta da sababbin uwaye. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, jita-jita ta cika gari cewa magani zai yanke. Mai ɗakina ta fara tunanin tsallake kwana don ya daɗe, ga shi tana shayarwa. Ke kika hana ta, Yaya. Kika ce ƙwayar da take haɗiya da dare ita ce katangar nononta, kika raka ta da ƙafarki aka karɓo na gaba.

Yaron yanzu yana bin awakin Inna da kara, yana kiran kowane jirgin ruwa nasa. Har yanzu muna kai shi awo. Allah Ya saka muku da alheri, Ya raya taku zuriyar, Ya rufa muku asiri duniya da lahira. Malama, Inna ta ce a faɗa miki akwai busasshen kifi da ta ajiye miki, kuma wannan karon ba za ta karɓi "a'a" ba.