Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Ran nan da hantsi ina koyar da lissafi a aji shida na makarantarmu ta Dudunni, sai wani yaro, wanda ya fi kowa kaifin kai a ajin, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Allah ya gafarta, ni daga kakar bana na bar karatu. Kano za ni wurin kawuna in koyi ciniki." Na ce, "Assha! Me ya yi zafi?" Ya ce, "Malam, Alhassan Ɗantata aji nawa ya yi? Ga shi kuwa har yau ana ambatonsa. Kai da ka yi kwalejin horon malamai, ai keke ka ke hawa." Yara suka bushe da dariya. Ni ma na dara, amma ta ciki na ciki, domin maganar yaron ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, ni kuwa a lokacin ba ni da amsa.

Na kwana ina juya abin a raina. To, jama'a, ga amsar da na samu, na kuwa ga ya kamata in baje ta a nan, don na san ba yaron nan kaɗai ke da wannan tunani ba.

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano cikin 1877. Ubansa, Madugu Abdullahi, mutumin Agalawa ne, fataken nan masu zuwa Gwanja sayen goro, asalin gidansu kuwa daga ƙasarmu ta Katsina suka tashi suka koma ƙasar Kano. Yana yaro ƙarami uban ya rasu. Uwar ta tafi Ankara, babban birnin ƙasar Gana ta yau, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan ya samo asali, watau ɗan Tata. Dubi ikon Allah, sunan da ya cika duniya na tsohuwar da ta yi renon maraya ne.

Ya yi karatun allo, ya ɗanɗana wuyar almajiranci. Tun bai gama girma ba ya bi ayari zuwa Gwanja da ƙafa, tafiyar watanni. Da aka yi yaƙin basasar Kano, wanda ya tashi cikin 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, aka ci Bebeji, aka kama shi tare da 'yan'uwansa, sai da fansa suka kuɓuta. Wanda ya ga wannan duka kafin ya kai shekara ashirin, ai ba a ce bai yi makaranta ba. Ya yi, sai dai makarantar da bulalarta ta fi tamu zafi.

Abin da ya raba shi da sauran fatake shi ne lissafi. Sa'ad da waɗansu ke nan bisa hanyar iyaye da kakanni, suna kora jakuna ta daji, goro na lalacewa, ana biyan fito da kuɗin hanya, shi sai ya auna ya ga in an ɗora goron a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko ya fi sauri, ya kuma fi araha. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Sa'an nan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912. Turawa sun ɗauka auduga jirgin zai riƙa kwasa, ashe gyaɗa ce, domin masana'antun Turai na neman manta ido rufe, manoma kuwa suka ga ta fi auduga riba, ga shi in ciniki ya ƙi sai a ci abinta a gida. Alhassan ya ga inda iska ta dosa, ya shiga sayen gyaɗa, har ya zama babban mai saya wa Kamfanin Neja.

Yadda a ke cinikin kuwa shi ne abin lura. Kamfani ya ba shi kuɗi tun gyaɗa na gona. Shi kuma ya rarraba wa yaransa, su bazu cikin ƙauyuka, su bai wa manoma na biyan haraji da na hidimar gida. In kaka ta yi, gyaɗa ta biyo hanyar da kuɗi suka bi, a kan jakuna da raƙuma, har bakin sikeli. Dukiya mai ɗimbin yawa ta fita hannun mutum wata da watanni, ba abin da ke riƙe da ita sai amana da ƙididdiga. Ranar da ɗayansu ya karye, ciniki ya mutu. Da haka buhuna suka riƙa taruwa a Kano ana jera su, har suka zama dalar gyaɗan nan da a ke ba da labari, kowace ɗaya buhu wajen 15,000. Labari ya shahara cewa da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano cikin 1929, kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 Alhassan ya kai ajiya.

Yaro ya ji labarin raƙuma ashirin, bai ji na shekaru talatin da aka yi ana tara kwabo bisa kwabo ba. Shi ya sa Hausawa suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu bari in kawo labarin wani mutum da ya tsaya a ɗaya gefen sikelin, watau kakana, Allah ya jiƙansa. Manomin gyaɗa ne a nan Dudunni. Ya sha gaya mini yadda su kan ɓare gyaɗa dare da rana, shi da iyalinsa, har yatsu su yi kanta. Wata shekara ya ɗora buhunansa a jaki ya kai wurin awo na wani ɗan kasuwa, wanda ba sai na faɗi sunansa ba. Malamin awo ya dubi sikeli, ya rubuta, ya ƙirga masa kuɗi, kakana ya yi godiya har da durƙusawa. Sai a hanya wani ɗan makaranta ya duba 'yar takardar da aka ba shi, ya ce, "Baba, ai abin da aka rubuta ya fi abin da aka ba ka." Ya ce da ni ba hasarar kuɗin ta fi yi masa ciwo ba, godiyar nan da ya yi ita ce ta tsaya masa a rai. A ranar ya yi alkawari ɗansa sai ya iya karanta lamba. Ɗan nan shi ne mahaifina, ta nan kuma alli ya zo hannuna.

Ashe ke nan gyaɗa ɗaya ce, amma wanda ya iya lissafi ya gina gidaje, wanda bai iya ba ya koma gida da jaki da godiya. Alhassan da kansa ya san haka. Ɗansa Aminu, wanda aka haifa cikin 1931, ya rasu cikin 2025, an sa shi makarantar Dala, sa'an nan ya ci gaba da karatu a makarantar da uban ya kafa a gida. In da boko ɓata lokaci ne, da wanda bai yarda kwabo ya ɓata ba bai kai ɗansa ba.

Akwai kuma abu na biyu, wannan kuwa ba da yaro na ke ba, da masu hali na ke. Alhassan ya mallaki filaye da gidaje a Koki da Sarari cikin birnin Kano, amma ba yawan ƙasa ya sa a ke tunawa da shi ba. Ya ɗaga mutane da jari har suka tsaya da ƙafafunsu. Ya yi aikin hajji a farkon shekarun 1920, ya kuma biya wa waɗansu suka je. Daga baya aka ba shi kujera a majalisar Sarkin Kano, bakin 'yan kasuwa ya sami shiga inda a da sai masu sarauta. Yana kuma cikin attajiran da suka haɗa jari suka kafa masaƙa a Kano, don a saƙa audugarmu a gida. Da ajali ya matso cikin Agusta 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su haɗa kai kada su wargaza abin da aka tara. Dalar gyaɗa ta ɓace bayan farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975, amma gidan bai faɗi ba. Aliko Ɗangote ma ta wajen uwa jinin gidan ne.

Yau kuwa sai ka ga mutum ya yi kuɗi a birni, ya zo ƙauye ya saye gonakin talakawa a shekarar yunwa, ya kafa musu turaku, ya tafi. Ba rijiya, ba aji ɗaya, ba yaro ɗaya da ya ba jari. Irin wannan itace ne mai tsawo marar inuwa, ranar da ya faɗi ba mai kuka sai masu neman makamashi su yi murna.

Da gari ya waye na tafi wurin mahaifin yaron, muka gaisa, na ce, "Baba, ban zo hana shi ciniki ba. A bar mini shi ya gama, ran Asabar da Lahadi ya riƙa kai rake Gidan Mutum Ɗaya yana sayarwa, amma da sharaɗi, kome ya saya, kome ya sayar, ya rubuta ya kawo mini ran Litinin." Tsoho ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ɗanka ne."

Litinin ta farko yaro ya zo yana fara'a, wai ya ci ribar naira 1,200. Muka zauna muka duba littafi. Ashe bai sa kuɗin mota zuwa da dawowa ba, bai sa abincin da ya ci ba, bai sa raken da ya bushe ba. Da muka cire, sai ga hasarar naira 300. Ya daɗe yana duban takarda, sa'an nan ya ce, "Malam, a sake koya mini ɗebewa."

Har yanzu keke na ke hawa, yaron kuwa yana aji. Ko zai zama attajiri, wannan sanin Allah ne. Abin da na ke roƙo, in Allah ya ba shi, ya zama mai inuwa, in kuwa bai ba shi ba, kada ya taɓa durƙusa wa wanda ya cuce shi a bakin sikeli. Allah ya jiƙan magabata, mu kuma ya sa mu dace, amin.