Tsohon Faifai da Kiɗan Wals

Galibi mutum yakan yi begen abin da ya sani ne, kamar garinsu, ko gidan da ya tashi a ciki, ko wani masoyi da ya yi nisa. To, amma akwai wani irin bege mai wuyar bayani, watau begen wurin da mutum bai taɓa sa ƙafarsa ba, da na mutanen da suka bar duniya tun ba a haife shi ba. Irin wannan ne yake kama ni duk sa'ad da na saurari tsofaffin faya-fayan kiɗan wals da aka kaɗa da ogan. Na daɗe ina neman dalilin haka. Abin da na gano shi ne na kawo gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, domin su auna su gani.

Da farko dai ya kamata mu san mene ne wals. Wata rawa ce ta Turawa wadda asalinta na ƙauye ne, daga manoman ƙasar Ostiriya da kudancin Jamus. Wajen ƙarshen ƙarni na 18 ta shiga birnin Biyana, daga nan ta bazu ko'ina a Turai. Kiɗanta bugu uku-uku ne, na farko mai nauyi, biyun da ke biye marasa nauyi, mace da namiji suna riƙe da juna suna juyawa. Wannan riƙon kuwa ya ta da hankalin dattawan zamanin, har jaridar Times ta Landan ta yi tir da rawar a 1816. Amma kafin ƙarnin ya ƙare ta zama rawar fada, musamman a hannun Johann Strauss ƙarami, wanda ya fito da shahararren kiɗansa na kogin Danub a 1867. A wancan lokaci babbar ƙungiyar makaɗa ce take yin kiɗan, da goge iri-iri da abubuwan busa.

Shi kuma ogan, a fuska ya yi kama da fiyano, sai dai madannansa hawa-hawa ne, ga kuma wasu a ƙasa waɗanda ake takawa da ƙafa. Na asali iska ake hurawa cikin ɗaruruwan bututai, kowane da muryarsa. Muddin yatsa na kan madanni, sautin ba ya yankewa, ba ya raguwa. An fi saninsa a majami'u, amma a farkon ƙarni na 20 ya shiga gidajen silima, domin finafinan lokacin ba su da magana, dole a sami mai raka su da kiɗa. Kamfanin Wurlitzer na Amurka kaɗai ya ƙera fiye da 2,000. Da fim mai magana ya bayyana a 1927, sai kasuwar waɗannan makaɗa ta fara mutuwa. Da yawa daga cikinsu suka koma gidajen rawa, da gidajen rediyo, da zaurukan da matasa ke zagaye a kan takalma masu taya. A nan ne wals da ogan suka ƙulla zumunci. Dalilin kuwa na aljihu ne: biyan mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan biyan makaɗa talatin.

Mutum biyu ne na fi saurare. Na farko Reginald Dixon, wanda ya yi shekara arba'in, daga 1930 zuwa 1970, yana kaɗa Wurlitzer a babban zauren rawa na hasumiyar Blackpool, wani gari na bakin teku a arewacin Ingila. Garin nan wurin hutun ma'aikata ne, masu aikin masaƙa da masu haƙar kwal, waɗanda sukan yi tanadin shekara domin hutun mako guda. Su ne 'yan rawarsa, BBC kuma tana watsa kiɗan zuwa gidajen waɗanda ba su sami zuwa ba.

Na biyu Ken Griffin, Ba'amurke, wanda aka haifa a 1909. Shi nasa ogan ɗin na lantarki ne, ƙirar Laurens Hammond, wani maƙerin agogo na birnin Shikago da ya fara sayar da irinsa a 1935. Babu bututu ko ɗaya a cikinsa. Waɗansu ƙananan faya-fayan ƙarfe ne masu haƙora, 91 a yawancinsu, suke juyawa a gaban maganaɗisu, kowane yana ba da sauti guda. Injin da ke juya su irin na agogon lantarki ne, ba ya sauri, ba ya nawa. A 1948 Griffin ya fito da wani wals mai suna "You Can't Be True, Dear" a wani ƙaramin kamfani, Rondo. Da aka ga ya karɓu, sai aka ɗora muryar mawaƙi Jerry Wayne a kan kiɗan, faifan ya zama na ɗaya a kasuwar Amurka. Abin lura a nan shi ne, asalin waƙar ta Jamus ce, ta shekarun 1930. Ke nan shekara uku kacal bayan an gama yaƙin duniya na biyu, sojojin da suka dawo gida suna rawa da matansu da karin waƙar mutanen da suka yaƙa. Griffin ya rasu a 1956 yana da shekara 46, amma ya bar kiɗa mai yawa a ajiye, kamfanin Columbia ya yi ta fitar da sababbin faya-fayansa shekaru bayan mutuwarsa.

Ni dai a hannun wani ɗan gwanjo na fara gamuwa da su, cikin wani kwali da ƙura ta rufe, aka haɗa mini da tsohon garmaho a kan kuɗi kaɗan. Waɗansu irin masu nauyin nan ne da ke juyawa sau 78 a minti, kowace fuska ba ta wuce kamar minti uku ba. Kafin kiɗan ya fara sai ka ji allura tana shuu, tana ƙaras-ƙaras kamar ana soya gyaɗa a ɗaki na gaba. Sa'an nan ƙafar makaɗin ta sauke bugun farko, mai kauri, hannun hagu ya amsa sau biyu, hannun dama ya ɗauko karin yana rawar murya kamar tsohuwa mai rarrashin jika. Daga farko har ƙarshe ba ya canza gudu. Ba ya nuna gwaninta, ba ya tsayawa a yaba masa.

Wani abokin ɗakina da ya gaji da ji ya ce mini wannan ai kiɗan jana'izar Turawa ne. Wani kuma, wanda ya fi shi karatu a fannin, ya ce ko a can ƙasarsu masana ba su ɗauke shi a bakin kome ba, kiɗan araha ne, an ɗauki aikin makaɗa talatin an matse shi cikin akwati. Ya ƙara da cewa, in ma bege ne, na masu shi ne, ina ruwan biri da gada? Maganarsa ta farko gaskiya ce, ban musa ba. Wanda yake son ya ji Strauss da cikar darajarsa, sai ya nemi ƙungiyar makaɗan Biyana. Amma ta biyun ce na ƙi yarda da ita, ga kuwa hujjata.

Kiɗan da ake yi domin a zauna a saurara, cikakke ne a kan faifai. Makaɗi ya yi nasa, kai mai sauraro ka kawo kunnenka, magana ta ƙare. Wannan kuwa ba domin kunne aka yi shi ba, domin ƙafa aka yi shi. Rashin canza gudun nan da masana ke rainawa, ladabi ne ga 'yan rawa, domin in makaɗi ya ja bugu ɗaya ya daɗe, mutum ɗari biyar za su yi tuntuɓe. Sauƙin karin kuma domin wanda ya yini a masaƙa ne, ya iya binsa ba tare da tunani ba, hankalinsa na kan wadda yake riƙe da ita. Saboda haka abin da ke kan faifan rabin abu ne. Ɗaya rabin shi ne jan takalma a kan katako, da hirar raɗa, da saurayin da ya yi mako yana tara ƙarfin halin da zai nemi a yi rawa da shi. Wannan rabin ba a ɗauka ba, masu shi kuma galibinsu sun riga mu gidan gaskiya. Duk wanda ya taɓa jin kiɗan gayya a rediyo, ba gona, ba garma, ba ƙura, ya san abin da nake nufi. Kana jin gangar tana kira, ba mai amsawa. Ba sai ka san mutanen ba kafin ka ji rashinsu, domin makaɗin ya bar musu gurbi a cikin kowane bugu, gurbin kuwa yana nan.

Daɗin daɗawa, tun ranar da aka ɗauki waɗannan faya-fayai kiɗan waiwaye ne. A 1948 matasa masu ji da kansu sun riga sun koma ga jaz da sauran kaɗe-kaɗe masu zafi. Wals rawar iyaye ce da kakanni. Karin da Griffin da Dixon suka yi ta maimaitawa tsofaffi ne, kamar na Émile Waldteufel na 1882 a kan masu sulɓi a ƙanƙara, ko kuwa "Sobre las Olas" na 1888, watau a kan raƙuman ruwa. Wannan na ƙarshe mutane da yawa suna zaton na Strauss ne, alhali kuwa wani talaka ɗan ƙasar Meziko ne ya tsara shi, Juventino Rosas, wanda ya rasu a Kuba a 1894 yana ɗan shekara 26. Waɗanda suka sayi faya-fayan sun fito daga yaƙi biyu da matsin tattalin arziki, suna begen wata duniya ta kafin 1914 wadda su ma yawancinsu labarinta suka ji. Ashe bege ne a kan bege. In haka ne, ni da ma'aikacin masaƙar Ingila duk baƙi ne a ƙofar gida ɗaya, sai dai ya riga ni isowa.

Yau an daina ƙera ogan mai faya-fayan ƙarfe tun 1975, garmaho kuma ya zama kayan tarihi, ko da yake har yanzu ana kaɗa Wurlitzer a zauren Blackpool. Yawancin kiɗan an ɗora shi a intanet, har waɗansu sun wanke shi da kwamfuta sun cire ƙarar allura. Ni na fi son mai ƙarar, domin kowane ƙarzo shaida ne cewa wani ya sa faifan sau da yawa, a wani ɗaki, saboda wani dalili nasa.

Abin da nake roƙon 'yan'uwa masu nazarin adabi shi ne, kada mu auna kowace fasaha da mudu ɗaya. Akwai wadda darajarta ke cikin gwanintar mai ita, akwai kuma wadda darajarta ke cikin hidimar da ta yi wa mutane marasa suna. Irin ta biyun ce ta fi saurin ɓata, domin masana ba sa tsaron ta, masu ita kuma ba sa rubutu. Wanda ya sami sarari ya nemi Griffin ko Dixon, ya ba su minti uku. Kada ya tsaya neman gwaninta, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya saurari wurin da ƙafafu ya kamata su sauka.