Na Ga Kifi Mai Doro A Tekun Kwatano

Shekara da shekaru maƙwabtana na Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi suna zuwa Kwatano sarin motoci da atamfa, amma ban taɓa jin wanda ya komo da labarin teku ba, sai na farashi da kwastan. Ni ma da na raka ƙanena cikin watan Satumba, muka sauka a Zango, ban yi nufin wuce gaɓa ba, sai mai masaukinmu ya ce lokacin zuwan manyan kifaye ne, akwai jirgin da ke kai mutane kallo.

Muka tashi da hantsi. Mutumin tudu bai saba da igiyar ruwa ba, jiri ya kama ni tun kafin gari ya ɓace mana. Bayan kamar sa'a biyu, matuƙi ya kashe inji, ya nuna da hannu. Sai ga tururi ya tashi sama, sa'an nan wani baƙin baya ya ɓullo kamar kwalekwalen da aka kife, ga ƙarami a gefensa. Uwa ce da ɗanta. Ta lanƙwasa baya, ta ɗaga wutsiya, ta nutse. Duk jirgin ya yi tsit.

Shekara talatin ke nan ina fassara wa ɗalibai kalmar hutu a zaure, cikin ƙissar Annabi Yunusa, alaihis salamu, ina cewa babban kifi ne. Ran nan na san gani ya kori ji. Wannan iri Larabawa suna ce masa alhutul ahdabu, watau mai doro. Tsawonsa yakan kai ƙafa 50, nauyinsa tan 30 ko fiye. Kuma ko da yake muna ce masa kifi, iska yake shaƙa ta ƙofofi biyu a bisa kansa, macen tana haihuwa, tana shayarwa kamar saniya.

Abincinsu yana can ƙarshen kudancin duniya, cikin ruwan ƙanƙara. Kowace shekara sukan yi tafiyar fiye da mil 4,000 zuwa ruwan ɗumi na Tekun Gini domin haihuwa, kusan ba ci, sai kitsen jikinsu, sa'an nan su juya kudu wajen Nuwamba.

To, ga abin lura. A ƙarni na 20 maharban jiragen ruwa sun kashe fiye da 200,000 daga cikinsu a tekunan kudu saboda mai, har suka kusa ƙarewa. A 1963 aka hana farautarsu a can, kuma da mutum ya janye hannunsa sai suka soma yawaita. Abin da ke halaka su yau shi ne komar masunta, da karo da manyan jirage, irin waɗanda ke ɗauko hajarmu, da sharar leda da muke zubarwa.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa ɗan kasuwa, in ka je Kwatano tsakanin Agusta da Nuwamba, ka ware wuni guda ka fita teku. Kai kuma ma'aikaci mai sa hannu a takardun tashar jirage da na kamun kifi, ka tuna akwai matafiyan da ba su da bakin kawo ƙara ofis. Allah ya sa mu riƙe amana, amin.