Kiɗan da yaro ya tashi da shi

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da na Sabo a Badun da Shagamu, da duk inda neman halali ya kai Bahaushe. 

Yau ina so mu ɗan taɓa wata magana da mu 'ya'yan zango ba mu cika zama mu yi ta ba, wato maganar kiɗa da waƙa. Mu da aka haifa a nan, kunne biyu gare mu. A cikin gida kaset ɗin Shata ne da Ɗanƙwairo, ko Rediyon Kaduna idan ta kamu da daddare. Da ka leƙa waje kuwa fuji ne ke tashi a danfo, a shagon mai aski, a wajen bikin maƙwabta. Iyayenmu suna ɗaukar na cikin gida a matsayin tuna gida, na waje kuma hayaniyar Yarbawa. Amma da na bi tarihin wasu manyan mutane na ƙasar nan, sai na ga ashe abin da yaro ya tashi yana ji ba ƙaramin abu ba ne.

Bari in fara da wanda ba mawaƙi ba, marigayi Alhaji Moshood Abiola, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a zaɓen 12 ga Yuni 1993. An haife shi a Abekuta a 1937 cikin talauci. Yana ɗan shekara 9 yake shiga daji ya yi itace ya sayar kafin ya tafi makaranta. Da ya kai shekara 15 sai ya haɗa 'yar ƙungiyar kiɗa, suna zuwa wajen bukukuwa, da farko ladansu abinci ne kawai, daga baya aka fara biyansu kuɗi. Da wannan kuɗi ya taimaki gidansu, ya kuma yi karatun sakandare a Baptist Boys' High School, har ya kai ga jami'ar Glasgow ya karanta aikin akanta. To kun ga, mutumin da ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka, kiɗan biki ne ya riƙe shi a aji.

Sai Alhaji Sikiru Ayinde Barrister, uban fuji. Da yawa daga cikinmu muna jin fuji ba mu san daga watan azumi ya fito ba. Yarbawa Musulmi suna da wani kiɗa da suke kira were, wanda samari ke zagaya unguwa da shi cikin dare suna tashin mutane sahur, kusan dai irin asalin tashe a wajenmu. Barrister tun yana yaro a Mushin yake wannan yawo. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, daga baya ya ɗauki wannan kiɗa na wata ɗaya ya ƙara masa ganguna ya mayar da shi sana'ar shekara duka. A ƙarƙashinsa Wasiu Ayinde ya yi hidima kafin ya tsaya da ƙafarsa, ya yi suna da faifansa na 1984. Barrister ya rasu a Landan a watan Disamba na 2010, amma har yau ba a biki a ƙasar Yarbawa ba ka ji ɓurɓushin abin da ya fara ba. Duk daga yawon tashin sahur.

Shi kuwa Fela, iyayensa 'yan boko ne, ya tafi Landan a 1958 ya yi karatun kiɗa, ya dawo yana buga haylaif da jaz kamar kowa. Tafiyarsa Amurka a 1969 ce ta juya shi. A can ya ji yadda baƙar fata ke amfani da waƙa wajen neman 'yancinsu, ya karanta tarihin Malcolm X, ya dawo da wani kiɗa daban da wani baki daban. Abin da bakin nan ya jawo masa duk mun sani. A watan Fabrairu na 1977 sojoji suka ƙona gidansa da ke kan titin Agege Motor Road, wanda muke bi kullum in za mu Mushin, mahaifiyarsa ta ji raunin da ta rasu bayansa a 1978. Har Abiola, ɗan garinsu, bai tsira daga bakinsa ba. Wani abin lura shi ne, manajan Fela na farko, Benson Idonije, shi ne kakan Burna Boy na wajen uwa. Yaron da ya tashi a gidan da ake jin Fela, shi ne ya ɗauko kyautar Grammy a 2021.

To mu dawo gida. Marigayi Ɗan Maraya Jos ni a wajena ɗan zango ne kamar mu. A Bukuru aka haife shi a 1946, cikin Hausawan da suka yi kaka-gida a ƙasar kuza. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, iyayen suka rasu yana ƙarami, sarki ya riƙe shi. Da ya ɗauki kuntigi, ba sarakuna ya fara yi wa waƙa ba, karen mota ya yi wa, wato mutanen da ya tashi yana gani a tasha. Da wannan 'yar kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2015. Shi ma Alhaji Mamman Shata, mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, kuma sai da ya yi tallan goro kafin ya rungumi kalangu, ga shi a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Sannan ku dubi Shago. 'Yan dambe nawa aka yi a zamaninsa? Amma da yake Ɗan Anace ya ɗauke shi a baki, har yaron da aka haifa a Legas, wanda bai taɓa taka ƙasar Sakkwato ba, ya san sunan Shago.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne, ta shigo har cikin gidanmu. Ƙanena da ke bi mini ya gama sakandare, ya ce shi waƙa yake son yi. Baba ya ce ba a gidansa ba, mu fataken goro ne kaka da kakanni, ba maroƙa ba. Kuma kada wani ya ce tsohon ba shi da hujja. Ya ce in duba irin rayuwar da Fela ya yi ta shaye-shaye, in duba yadda Ayinla Omowura ya mutu a wata hatsaniya a 1980 yana tsakiyar tashensa. Ya ce a duk mawaƙi ɗaya da ya yi suna akwai ɗari da suka ƙare a bakin situdiyo ba sana'a ba karatu. Na yi shiru, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Sai dai na ce masa: "Baba, Allah Ya ƙara girma, ai wanda kake saurare kullum bayan sallar isha'i, shi ma haka mahaifinsa ya ce masa." Bai amsa mini ba, amma bai yi faɗa ba.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba wai yaron zai yi waƙa ko ba zai yi ba ne. Na saurari abin da ya ɗauka a wayarsa, muryar akwai ta, amma rabi buroka ne, rabi Yarbanci, Hausar ba ta wuce kalma biyar ba. Na kunna masa Ɗanƙwairo, ya ce kiɗan ya yi daɗi amma bai gane me ake cewa ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ku gwada yaran gidanku ku gani. Duk mutanen da na lissafa a sama, kowannensu daga abin da ya tarar a ƙofar gidansu ya ɗebo. Barrister ya tarar da were, Ɗan Maraya ya tarar da kiɗan fada da hirar tasha. Namu yaran me suka tarar? Mun hana su na waje da baki, na cikin gida kuma ba mu zauna mun fassara musu ba. Idan uba ya ji Shata ya yi murmushi shi kaɗai, ɗansa yana gefe da abin sauraro a kunne, to an raba gari ke nan ba a sani ba.

Don haka ga roƙona ga iyayenmu da shugabannin unguwa. Idan za a yi biki ko naɗin sarauta a zango, a riƙa kiran masu kalangu da kotso na gaske, kada a bar wa DJ fili shi kaɗai. Idan yaro ya tambayi ma'anar wani kirari, a ba shi amsa, kada a ce masa bai isa ba. Wanda kuma Allah Ya ba murya, a gindaya masa sharaɗi maimakon a kore shi: ya riƙe sallarsa, ya riƙe shago ko karatu, ya tsare bakinsa daga batsa, kuma ya koyi harshen ubansa sosai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Korar yaro ba ta hana shi waƙa, sai dai ta sa ya je ya yi ta a hannun waɗanda ba mu san su ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.