Yini Guda A Jami'ar Badun

Tun cikin shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a birnin Badun, suka zauna suna fataucin goro da shanu, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan kuma suka haifi jikoki. Bayan shekara 32, watau a 1948, aka kafa jami'a ta farko a ƙasar nan a cikin wannan gari. Daga Sabo zuwa ƙofar jami'ar tafiyar 'yan mil kaɗan ce, mutum ya fito Mokola, ya bi ta Sango, sai ga shi a bakin ƙofa. Amma duk da wannan kusanci, akwai dattawa a Sabo waɗanda suka yi furfura suna wucewa ta gaban ƙofar nan ba su taɓa sa ƙafa ciki ba, domin a ganinsu wuri ne na waɗansu mutane dabam.

Akwai wani saurayi ɗan shekara 18 da aka haifa a unguwar, mahaifinsa dillalin shanu ne a karar Akinyele. Yaron ya gama sakandare, ya kuwa ci Turanci da lissafi da fannonin kimiyya guda uku a zama ɗaya. Abin da ya sa a ransa shi ne ya zama likitan dabbobi, kuma a Badun yake so ya karanta. Mahaifin bai ƙi ilmi ba, amma yana da dalilai uku da suka tsaya masa a rai. Na farko, karatun likitan dabbobi shekara 6 ne, alhali kuwa a shekara 6 yaro mai hankali ya isa ya kama igiyar dillanci har ya yi aure. Na biyu, bai manta da yajin aikin malaman jami'o'i ba, wanda ya ci kusan wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. Na uku, takardar asalin yaron ta Jihar Kano ce, don haka uban yana ganin ba wanda zai dube shi a Badun. In dai karatun ya zama dole, in ji shi, to, a tafi Zariya inda ake da dangi.

Lokaci kuwa ya matso, gama an kusa fara sayar da takardun jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, kuma Jami'ar Badun ba ta duba kowa sai wanda ya sa ta a zaɓin farko. Da gardama ta yi tsawo sai ƙanen mahaifin, wanda shi ma ɗan kara ne, ya ce, "Yaya, gani ya kori ji. Bari in raka shi mu ga wurin da idonmu, in mun komo sai ka yanke abin da ka yanke."

Ranar wata Talata cikin hunturu suka shiga ƙaramar tasi daga Mokola, suka sauka daura da Agbowo, unguwar da ke fuskantar babbar ƙofa. Baffan ya gyara zaman hularsa, ya shirya amsa tambayoyin masu gadi, sai ya ga mutane suna ta shiga da fita kamar ƙofar kasuwa. Yaron ya gai da mai gadi da Yarbanci, irin wanda ya tashi da shi a bakinsa tun yana ƙarami, mai gadin ya nuna musu hanya da hannu, suka wuce.

Abin da ya fara ba su mamaki shi ne inuwa. Titi ne miƙaƙƙe mai hannu biyu, itatuwa a dama da hagu, hayaniyar gari kuwa ta tsaya a baya kamar an rufe mata ƙofa. A ƙarshen titin ga doguwar hasumiya mai agogo, a gefenta kuma ga Zauren Trenchard, inda aka saba yin manyan tarurrukan jami'a. Baffan ya tsaya yana duban bangayen tsofaffin gine-ginen, waɗanda aka yi musu huje-huje kamar rariya. Turawa biyu ne suka zana su, Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, sun kuwa yi hujin ne domin iska ta riƙa ratsawa, rana kuma ta tsaya a waje. Ya ce, "Ashe su ma sun san zafi."

Tarihin wurin ba ɓoyayye ba ne. Da ɗalibai 104 aka buɗe ta a watan Janairu na 1948, a wani mazauni na wucin gadi a Eleyele, tana ƙarƙashin Jami'ar Landan. Sarakunan Badun suka ba da fili fiye da eka 2,500 bisa yarjejeniyar shekara 999, aka ƙaura zuwa can a 1952. A 1962 ta tsaya da ƙafafunta, ta fara ba da digirin kanta, kuma Kenneth Dike, masanin tarihi, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta. Sunansa ne aka sa wa babban ɗakin karatu. Da suka isa can ba a bar su sun shiga ba, domin sai mai katin ɗalibi, saboda haka yaron ya tsaya daga waje yana ƙirga benaye, yana kallon masu fitowa rungume da littattafai.

Daga nan suka bi ta gidajen kwanan ɗalibai, yaron yana karanta sunayen da ke jikin alluna: Mellanby, Tedder, Kuti. Da suka kai wani sai ya ja ya tsaya, ya ce, "Baffa, dubi wannan." An rubuta sunan Sarkin Musulmi Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Tun 1962 aka buɗe wannan gida da wannan suna. Can gaba kuma akwai wani mai sunan Tafawa Ɓalewa, inda masu neman digiri na biyu da na uku suke zama. Baffan ya sa aka sake karanta masa sunan Bello sau biyu, kana ya yi shiru. Shekara 30 yana wuce katangar nan da shanu a mota, bai san akwai sunan ɗan Shehu a bayanta ba.

Azahar ta same su kusa da masallacin jami'a, wanda ba shi da nisa da majami'un Kirista. Bayan an sallame sai wani ɗalibi ya ji suna Hausa, ya matso ya gai da dattijon. Mutumin Arewa ne, yana aji huɗu. Ya ce, "Baba, baƙi ne ku?" Baffan ya yi dariya ya ce baƙi ne daga Sabo. Suka zauna a inuwa, dattijon ya kwance masa dukan abin da ke tafe da su, bai rage kome ba.

Ɗalibin ya fara da maganar takardar asali, tun da ita ce ta fi damun mahaifin. Ya ce ƙa'idar Gwamnatin Tarayya ta raba guraben jami'o'inta kashi uku. Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga wace jiha suka fito. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Sauran kashi 20 an ajiye su ne domin jihohin da aka lasafta sun yi baya a ilmin zamani, Kano kuwa tana cikinsu, haka Katsina da Jigawa da Sakkwato da waɗansu. Watau takardar da uban yake gani kamar ƙaya ce, ita ce ma ta buɗe wa yaron ƙofa ta biyu. Amma fa ya gargaɗe su kada su sake jiki. Jarrabawar JAMB maki 400 ce, kuma wanda bai kai 200 ba Badun ba ta kiransa. Bayan wannan akwai jarrabawar da jami'ar take yi da kanta, sa'an nan a haɗa makin biyu a jera sunaye. A nan ɗin, in ji shi, babu maganar ɗan wane.

Ya kuma gaya musu 'yan Arewa sun daɗe da sanin hanyar Badun. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne Uban Jami'a na farko bayan ta sami 'yancin kanta, Sir Kashim Ibrahim ma ya riƙe wannan muƙami. Malam Adamu Ciroma a nan ya karanta tarihi, Farfesa Iya Abubakar lissafi, Farfesa Jibril Aminu kuwa aikin likita, ya gama a 1965. A cikin ɗakin karatun nan da aka hana su shiga akwai littattafan Larabci rubutun hannu da aka fara tarawa daga ƙasar Hausa tun shekarun 1950, ciki har da na Shehu da Abdullahi da Bello. Akwai kuma sashen Larabci da nazarin addinin Musulunci tun farkon shekarun 1960.

Baffan ya ce, "To, ɗana, wannan daɗinta ke nan. Ina ɗacinta?" Ɗalibin bai ɓoye ba. Ya ce kamar yadda yake a yawancin jami'o'in gwamnati, ɗalibai sun fi gadaje yawa, shi ya sa da dama suke kama haya a Agbowo da kewaye. Kuɗin makaranta ya ƙaru ƙwarai a 'yan shekarun nan, ko da yake tun 2024 gwamnati ta kafa asusun ba ɗalibai rance marar ruwa, wanda ake biya bayan an gama an sami abin yi. Yajin aiki kuwa, in ya zo, ba ya tambayar Badun ko Zariya, duka yake rufewa. Nan yaron ya yi lissafinsa a fili. In ya tafi Zariya, ga kuɗin motar tafiyar yini guda cur, ga abinci, ga wurin kwana. In kuwa a Badun ne, ko bai sami gado ba, tasi ɗaya ce tsakaninsa da tuwon mahaifiyarsa, kuma ran Asabar yana iya zuwa kara ya taimaki mahaifinsa.

Da la'asar ta gabato suka nufi sashen likitancin dabbobi, wanda tun farko shi ya kawo su. Suka ga ɗalibai maza da mata sanye da fararen riguna da dogayen takalman roba, suka ga asibitin dabbobi inda mutanen gari suke kawo karnuka da awaki. Suka zarce gonar koyarwa, aka ba su izini su tsaya a bakin shinge. A nan ne harshen baffan ya sake. Ya hango farar saniya ya ce Bunaji ce, ya faɗi shekarunta tun daga nesa. Wani ma'aikacin gonar ya ji daɗin hirar, ya shiga ba su labarin ƙananan shanun kurmi, irin su Muturu da Ndama, waɗanda suke jure wa sammore, cutar da ƙudan tsando yake sa wa shanun Arewa in sun daɗe a Kudu.

Dattijon ya san sammore, ya san ciwon huhu, ya san hanta, domin kowannensu ya taɓa cin kuɗinsa. Ya tuna da bushiyar 1983, lokacin yana yaro, yadda garke ya riƙa zubewa a gaban mai shi, manyan mutane suna kuka da hawaye. Yaron ya ce masa, "Baffa, ai bushiya ta ƙare. Tun 2011 aka ba da sanarwar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma allurar likitocin dabbobi ce ta yi wannan aiki." Baffan ya daɗe yana duban shanun. Daga bisani ya ce shi dai duk likitan da ya taɓa duba masa dabba a kara ko a mayanka, sai an nemi tafinta tsakaninsu, ko kuwa a yi ta fama da guntun Yarbanci.

Ba su sami damar shiga gidan namun daji na jami'ar ba, gama magariba ta kawo kai, ƙafafunsu kuma sun gaji. Da dare, bayan sallar lisha, baffan ya zauna gaban wansa ya ba shi labari daki-daki. Bai yi maganar hasumiya ba, bai yi ta itatuwa ba. Ya faɗi maganar kashi 20, ya faɗi kuɗin mota, ya faɗi sunan Bello a jikin bango. Kana ya ce, "Yaya, mu mun san saniya da ido, su sun san ta da littafi. In Allah ya ba mu wanda ya haɗa biyun a gidan nan, ba mu yi asara ba."

Mahaifin bai amsa a daren ba. Sai bayan kwana uku ya kira yaron, ya ƙirga masa kuɗin takardar jarrabawa, ya kuma kafa masa sharaɗi: ya sa Badun a zaɓin farko, amma sau biyu kaɗai zai gwada. In bai samu ba a karo na biyu, to, igiya tana jiransa a Akinyele, kuma babu sauran magana. Yaron ya karɓa da hannu biyu. Tun daga ranar fitilar ɗakinsa ba ta mutuwa sai dare ya raba.

Irin wannan gida ba a Badun kaɗai yake ba. Akwai Hausawa a Agege da Idi Araba a Ikko, ga Jami'ar Ikko da aka kafa a 1962 tana Akoka. Akwai su a Sabon Ile-Ife, akwai su a Inugu da Fatakwal da Kalaba, kuma kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan yana da jami'a a cikinsa ko a gefensa. Sau da yawa uba yakan yanke wa ɗansa hukunci bisa abin da ya ji a bakin kasuwa, yaro kuma ya cika takarda da sunan makarantar da bai taɓa gani ba. Kafin a kai ga haka, ya kamata a ware yini guda, a sa wani babba ya raka yaro, su taka da ƙafarsu har sashen da yake so. Su tambayi makin da aka tsaya a kai bara, su tambayi kuɗin shekara, su tambayi wurin kwana, su kuma nemi ɗalibin da ke ciki ya faɗa musu daɗin da ɗacin. Kuɗin tasi ne kawai za a kashe, abin da za a yanke kuwa na shekara huɗu ne ko shida na rayuwar yaro. Allah ya ba 'ya'yan jama'a ilmi mai amfani, amin.