Maƙwabcin Da Ke Shan Ruwan Gari A Asirce

A wannan mako ina so in jawo hankalinmu ga wani irin gini wanda kusan dukkanmu muke cin moriyarsa kullum, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganinsa da ido. Duk sa'ad da ɗan kasuwa ya tura kuɗi ta waya zuwa ga abokin cinikinsa, ko albashin ma'aikaci ya faɗo a ƙarshen wata, to, lissafin nan yana ratsawa ne ta wani makeken gida cike da kwamfutoci dubbai, jere bisa kantoci, suna aiki dare da rana babu hutawa. Shi ne rumbun bayanai. Abin da ya sa na ɗauko zancensa kuwa shi ne wata shari'a da aka yi a Amurka, wadda tun da na karanta labarinta ban daina juya ta a raina ba.

Da farko ya kamata mu san abin da wannan rumbu yake ci. Abincinsa wutar lantarki ce, kuma duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. In ba a fitar da zafin nan ba na'urorin za su lalace. Ɗaya daga cikin hanyoyi mafi arha na sanyaya su ita ce irin dabarar randa: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta ya bi iska, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Haka ake yi a da yawa daga cikin manyan rumbunan nan, sai dai ruwan da ke bin iska a can ya fi ƙarfin a auna shi da tulu. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 rumbunan bayanai sun sha wajen kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na wutar duniya baki ɗaya, ta kuma yi hasashen abin zai ninka kafin 2030.

To, a Jihar Oregon akwai wani ƙaramin gari a bakin kogin Kolambiya mai suna Dalles, mutanensa ba su wuce 16,000 da 'yan kai ba, kewaye da gonakin 'ya'yan itace. A 2006 kamfanin Google ya buɗe rumbu a can, saboda arhar wutar da ake samu daga madatsun ruwan kogin. A 2021, shekarar da fari ya matsa wa jihar, kamfanin ya nemi ya ƙara gina wasu rumbuna biyu, da rangwamen haraji na shekara 15. Ya yi alkawarin kashe dala miliyan 28 da rabi wajen gyaran ayyukan ruwan garin, ya kuma miƙa wa hukumar garin haƙƙin ɗibar ruwan da ya mallaka. Ba za a ce wannan tayi ne na banza ba. Amma manoma da masu rijiyoyi suka yi tambaya guda: ruwa nawa rumbunan suke sha yanzu, nawa kuma za su sha nan gaba? Sai aka ce musu wannan sirrin kasuwanci ne.

Wata jarida mai suna The Oregonian ta nemi a ba ta lissafin bisa dokar jihar ta buɗe takardun hukuma. Babban lauyan gwamnati na gundumar ya ce a bayar. Maimakon haka sai hukumar garin ta kai jaridar ƙara kotu domin a bar lissafin a rufe, a watan Nuwamba na 2021 kuma majalisar garin ta amince da yarjejeniyar, alhali jama'ar da suka zaɓe ta ba su san adadin ba. Aka yi fiye da shekara ana jayayya. A Disamba 2022 aka sasanta, aka fito da takardun, sai ga shi a 2021 kaɗai rumbunan sun sha galan miliyan 355, watau kashi 29 cikin ɗari na dukkan ruwan da garin ya yi amfani da shi, kuma shan nasu ya kusa ninka uku cikin shekara biyar. In an juya shi zuwa jarka mai lita 25, ya haura jarka miliyan 53. Kamfanin ne ya biya kuɗin shari'ar, daga baya kuma ya shiga bayyana ruwan da rumbunansa ke sha wuri-wuri.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kalmar nan ta sirri. 'Yan kasuwa sun san sirrin ciniki, kuma haƙƙinsu ne. Babu wanda zai tilasta wa mai shago ya faɗi inda ya saro hajarsa ko nawa ya saye ta, domin dukiyarsa ce. Amma ruwan famfon gari na tarayya ne, akwai rabon maraya a ciki, akwai na mai gona, akwai na wanda ba a haifa ba tukuna. Wanda ya zura guga a rijiyar unguwa ba shi da hujjar rufe wa masu rijiyar ido. Iyayenmu sun ɗauki haƙƙin maƙwabtaka da nauyi ƙwarai, har mutum ba ya juya indararonsa ko ya haƙa masai jikin katangar wani sai da shawara. Ban ga dalilin da girman jari zai sauke wa kamfani wannan nauyi ba. A ganina ma ƙara masa shi yake yi.

Na kuma san ɗacin irin wannan al'amari a jikina. A unguwar da na tashi an taɓa kafa wata masana'anta, aka yi biki da jawabai, aka ce samarinmu za su sami aiki. Aka haƙa mata rijiyoyin burtsatse masu zurfi. Bayan 'yan shekaru rijiyar gidanmu, wadda igiya gaba shida ke isa, ta koma sai an yashe ta duk bazara, daga bisani ta ƙafe ƙaf. Dattawa suka yi ta zirga-zirga ofis-ofis, ko'ina tambayar ɗaya ce: ina shaidarku cewa masana'antar ce sanadi? Ba su da ita, domin babu wanda ya auna ruwan kafin a fara, babu kuma wanda ya rubuta iyakar abin da za a ɗiba. Gaskiyarsu ta rasa takarda, mu kuwa muka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa.

Saboda haka nake ganin maganar doka ita ce gaba. Ƙasar Ailan ta yi maraba da rumbunan nan hannu bibbiyu, har ya zamana daga kashi 5 cikin ɗari na wutar ƙasar a 2015 sun kai kashi 21 a 2023, fiye da abin da dukkan gidajen biranenta suka sha a shekarar. Tun a ƙarshen 2021 hukumar kula da wuta ta ƙasar ta tsaurara sharuɗɗan jona sababbi, musamman a kewayen Dablin. Singafo ta dakatar da sababbin rumbuna a 2019, ba ta sake buɗe ƙofa ba sai 2022, shi ma bisa sharaɗin tattalin wuta. Ita kanta Oregon a 2025 ta yi doka ta ware wa manyan rumbuna rukunin farashin wuta na daban, domin kada kuɗin sababbin turaku da wayoyin da aka ja dominsu ya faɗa wuyan mai ɗaki ɗaya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta haramta sana'ar. Iyaka dai kowacce ta gane cewa sharaɗi tun ran gini ake gindaya shi.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. Akwai irin waɗannan rumbuna a Legas da Abuja, kuma muddin ciniki da aikin ofis suna ƙara komawa kan waya, za su ƙaru, za su kuma matso. Ni ina cikin masu maraba da su, domin ya fi kyau a ajiye bayanan mutane a ƙasarsu. Sai dai ranar da maganar ta zo garinku, akwai tambayoyin da ya wajaba a amsa a rubuce kafin a sa hannu. Ruwa nawa za a ɗiba a rana, daga ina, wa zai riƙa karanta mita, kuma wa za a fara yanke wa in bazara ta yi tsanani? Wutar daga layin jama'a za a ja ta, ko da injuna za a samar da ita, in kuwa injuna ne, ina hayaƙinsu da ƙararsu za su nufa? Mutum nawa za a ɗauka aiki na dindindin bayan magina sun watse, tun da yake rumbu komai girmansa ba ya buƙatar hannaye da yawa? Nijeriya tana da dokar binciken illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, duk mai son sani yana da madafa.

Ga 'yan'uwana ma'aikata kuwa, waɗanda fayil zai biyo ta teburinsu, ina tuna muku cewa a Dalles hukumar gari ce da kanta ta tsaya a gaban alƙali tana neman a ɓoye wa mutanenta lissafin ruwansu. Mai yiwuwa jami'an sun yi haka ne da kyakkyawar niyya, don gudun kada jari ya kuɓuce wa garin. Duk da haka amanar da ke hannun ma'aikaci ta jama'a ce, su ke biyansa, su kuma za su zauna da sakamakon sa hannunsa shekaru bayan ya yi ritaya. In wata yarjejeniya ta zo da sharaɗin a rufe adadin ruwa ko wuta, wannan sharaɗin shi ne abu na farko da ya kamata a soke. 'Yan kasuwa kuma, ƙungiyoyinku suna da murya a wurin hukuma, ku halarci zaman jin ra'ayi, ku nemi a auna zurfin rijiyoyin unguwa a rubuta tun kafin a kafa tubali ɗaya.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.